Idan aka ƙwace maka WhatsApp: jawabin zaman matasa na ranar Asabar

An ba ni minti biyar, zan yi ƙoƙari.

Bara wani ya kira ni, ya ce daga kwamitin wani taro yake, an turo mini lamba shida ta SMS, in karanto masa don a sa sunana. Ina kan babur, na karanto. Kafin in isa gida WhatsApp ɗina ya fita daga hannuna. Ya bi ƴan uwana ɗaya bayan ɗaya, wai ina asibiti, a turo jika ashirin. Innata ta tura. Har yau in na tuna kunya nake ji, ni da nake taƙama na yi jami'a.

Kuɗin ma da sauƙi. Ku tuna ƙasarmu tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi, da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. To in wani ya yi rubutu da lambarka a gurup mai mutum ɗari biyu, wa za a fara kira komsariya? Kai ne. Sai daga baya ka yi bayani, in an saurare ka.

Idan abin ya faru, kada ka tsaya jimami. Muddin layinka yana hannunka, sake shigar da lambarka a WhatsApp, a turo maka sabuwar lamba shida. Da ka sa ta, an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa PIN, kana iya jiran kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Kafin nan ka ari waya ka sanar da dangi da shugabannin gurup, su cire lambarka na ɗan lokaci. Ka kuma ajiye hoton duk saƙon da ya aika da sunanka, shaida ce.

Sai maganar sabuntawa, wadda kowa ke ɗagawa zuwa gobe don kada mega ta ƙare. A 2019 an gano wata ɓaraka a WhatsApp da aka bi aka dasa Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila, a wayoyi kusan 1,400. Cikin masu su akwai ƴan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Kira kawai ake yi, ko ba ka ɗauka ba an shiga. Da sabuntawa aka toshe ƙofar.

Masu GB WhatsApp, na gan ku kuna murmushi. Wannan da kuke karɓa ta Xender hannun aboki, ba ku san wanda ya taɓa ta ba kafin ta iso muku. Don kawai ku karanta saƙon da aka goge, kun kai sirrin ƙungiya gaba ɗaya kasuwa. Ni dai ra'ayina, mai GB kada a ba shi riƙon gurup ɗinmu. Wanda ya ji haushi mu haɗu bayan Magariba.

Yanzu kowa ya fiddo wayarsa. Ku shiga Paramètres, Compte, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ku sa PIN wanda ba ranar haihuwarku ba. Sannan ku duba Appareils connectés, duk na'urar da ba ku gane ba ku fitar da ita. Wanda ya maƙale ya ɗaga hannu, ina zagayowa.