TAFIYA A ƘASA MAGANI CE

Jawabi domin masu karatu a santir

Maganar yau a kan tafiya a ƙasa ce.

Wani zai yi dariya ya ce: "Mutumin ƙauye za a koya wa tafiya?" Yana da gaskiya. Matar da take zuwa rijiya, ta je itace, ta dawo ta yi daka, jikinta ya samu rabonsa. Makiyayi ma haka. Ba da su ake ba.

Amma zamani ya sake. Moto ya shigo ƙauye. Mutumin da yake zuwa kasuwa da ƙafa a da, yau ko masallaci sai a kan moto. Mai butiki yana wuni zaune. Manomi yana aiki da damina, da rani kuwa sai tabarma da shayi mai sukari. Dattijon da ƴaƴansa suka hutar da shi ba ya wuce ƙofar gida. Da waɗannan ake.

Me zama yake kawowa?

Jikin da ba ya motsi yana tara kitse, zuciya ta yi rauni. Ta nan hawan jini, wato tansiyo, da ciwon sukari suke samun ƙofa. Sau da yawa tansiyo ba ya ba da alama. Mutum yana ganin lafiyarsa lau, ran nan sai ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. In maigida ya kwanta, wa zai yi noma? Hatsin rumbu da bisashen gida sai su ƙare wajen neman magani.

Me tafiya take yi?

In mutum yana tafiya, zuciya tana aiki, tana ƙara ƙarfi. Naman ƙafafu yana cin sukarin da yake cikin jini. Tansiyo yana sauka kaɗan kaɗan. Gwiwoyi suna saki, barci yana daɗi.

A shekara ta 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ba da shawara: babban mutum ya motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 150 shi ne minti 30 kowace rana, kwana 5 a mako. Cikin minti 30 mai lafiya yana cin kamar kilomita 2.

Yaya ake yi?

1. A fara da minti 10. Kowane mako a ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.
2. A ɗaga ƙafa har numfashi ya ƙaru, amma a iya magana da abokin tafiya.
3. A fita bayan asuba ko bayan la'asar. Da bazara kada a fita da tsakar rana. A sha ruwa.
4. Da hunturu a rufe hanci saboda ƙura.
5. Mai ciwon sukari kada ya taka ƙasa ba takalmi. Ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ƙaya tana iya sukarsa bai ji ba, ta zama gyambo.
6. In ƙirji ya yi ciwo, ko jiri ya kama mutum, ya tsaya. A kai shi gidan likita ran nan.

Wanda likita ya ba magani kada ya bari don ya fara tafiya. Tare suke aiki.

Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida. Ya kamata maigida ya ba ta dama ta riƙa zuwa gidan ƴan'uwa da ƙafa.

Saura maganar kunya. Wani yana tsoron a ce talauci ya sauke shi daga moto. Gara a faɗi haka da a zo gaishe shi a kan gado. Kuɗin esansi kuma ya zauna a aljihunsa.

Duk wanda ya ji wannan magana ya kai ta gida. Gobe da asuba ya kama hannun tsohonsa su zagaya gari. Allah ya ba mu lafiya, amin.