Kira kayanka da sunan da mai saye zai rubuta

 

Malamaina, yayyena da ƙannena, an ce in yi magana kan saida kaya ta intanet. Ni ɗalibi ne, ba ɗan kasuwa ba, don haka abin da na gani a gidanmu shi zan ba ku.

Yayata na saida kilishi. Azumin bara ta ɗauki hoto mai kyau, ta sa a Facebook, ta rubuta kalma guda a ƙarƙashinsa: "Disponible". Sati biyu tana zuba kuɗin forfe, ba mai kira sai ƙawaye masu cewa Allah ya sa albarka. Kilishin nan kuwa da bashi ta saro shi.

To, laifin ba na kilishi ba ne. A kasuwar Dole ta Damagaram mai saye na yawo, ido ya gani, hanci ya ji ƙamshi. A waya kuwa mutum zai rubuta abin da yake so a wurin nema, na'ura ta laluba rubutun mutane, ta fito mashi da wanda ya yi kama da nashi. Wa ya taɓa jin marmarin nama ya rubuta "disponible"?

Nan ne namu ya fi na wasu wuya, don hannu biyu muke rubutu da shi. Mu da muka yi lakkol, "kilichi" muke rubutawa, da ch irin na Faransanci. Wanda ya saba karatun Hausa, ko baƙo daga Katsina, "kilishi" zai sa. Wani lokaci na'urar kan gane abu ɗaya ne, wani lokaci ta wuce ka. Garuruwan ma haka: Zinder da Damagaram, Tahoua da Tawa, Niamey da Yamai. Ku sa duka biyun, layi guda ya ishe su. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Ina son su, wallahi, amma mutane da yawa "dinki" suke bugawa, ba "ɗinki" ba. Tela, ka sa shi iri biyu, ka ƙara da "couture".

Sai kuɗi. Ku daina "zo ta inbox". Mai saye na da kunya, kuma yana sauri. Ku rubuta farashi da lamba, da sefa, don in ka ce ɗari, ɗan gida ya san 500 F kake nufi, baƙo kuwa 100 zai ji.

Mu ƴan Nijar muna son vokal, na sani. Amma murya ba ta fitowa in an nema, status na WhatsApp kuma awa 24 ne ya ɓace. WhatsApp Business na da katalog kyauta, wurin sa hoto da suna da farashi, ya zauna.

Akwai dabara guda da nake roƙon ku bari. Wasu sun gane sunan Galmi na jawo masu neman albasa, sai su liƙa shi a kan kowace albasa. Eh, za a same ka. Amma kun san labarin Manzon Allah (SAW) da ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe an ɓoye a ƙasa. Kanun talla shi ne saman tarinka.

Ga abin da muka rubuta wa yayata: "Kilichi, kilishi na naman sa, mai yaji, Zinder Damagaram, ƙunshi 2000 F, ana aikawa Niamey ta mota." Hoton ma ba mu canza ba. Ba ta yi arziki ba, kada in yi maku ƙarya, amma wata mata daga Yamai ta sayi ƙunshi goma na tsarabar salla, aka rage bashin.

Bayan La'asar ina nan bakin masallaci. Mai talla a waya ya zo da ita mu gyara kanun tare.

Wassalamu alaikum.