Takardar izinin koyarwa a makarantun yara ƙanana: wa ke dubawa?



Ɗan kasuwar Katako ba ya karɓar buhun siminti sai ya ga alamar kamfani. Ma'aikacin gwamnati kuwa ba ya taɓa albashi sai da lambar aiki. Amma dukansu biyu sukan miƙa ɗan shekara huɗu ga baƙuwar fuska a wata makarantar yara ta unguwar Wadata ko Yantala, ba tare da sun tambayi takardar da ke hannunta ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar tsarin ilimi ta ƙasa, wadda aka sani da LOSEN, ta 1 ga Yunin 1998, ta sanya makarantun yara ƙanana cikin ilimin tushe. Mai makaranta mai zaman kanta sai da izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi. Malamar da ya ɗauka ita ma sai da nata izinin koyarwa. Takardu biyu ne, ba ɗaya ba, kuma ta farkon ce kaɗai ake rataye wa iyaye a bango.

Ina gizo ke saƙar? Makarantun horon malamai, irin su Askia Mohamed ta Damagaram, Mali Bero ta Doso, Kawsen ta Tawa da Bawa Jangwarzo ta Maraɗi, an gina su ne musamman don ajin firamare. Riƙon yaron da bai iya ɗaura takalmi ba sana'a ce dabam: wasa, waƙa, tsabta, gane zazzaɓi tun kafin ya kayar da shi, da yi masa magana da Hausa ko Zabarmanci kafin a ɗora masa Faransanci. Takardar BEPC ba ta koyar da ko ɗaya daga cikinsu.

Sannan ga tarihin aljihu. Bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, da matsin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya, gwamnati ta koma ɗaukar malaman sa-kai a ƙarshen shekarun 1990, daga baya malaman kwantaragi, da yawansu ba horo, albashi ɗan kaɗan. A 2017, da minista Dauda Mamadu Marte ya sa aka yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, mafi yawansu ba su sami rabin maki ba, aka sallami dubbai, ƙungiyoyin malamai suka ce an ci mutuncinsu. Suna da tasu gaskiyar: wanda ya ɗauke su ba horo shi ne ya dawo yana yi musu hukunci.

Idan haka ta faru a firamaren gwamnati, mai sufetoci da rajista, ina ga ɗakin haya da aka shafa wa fenti aka kira shi makarantar yara?

Uban da ke biyan kuɗin wata yana da ikon neman ganin izinin malamar ɗansa, da sunanta, da hatimin ma'aikata. In mai makaranta ya hana, ofishin sufeton makarantun yara na Yamai ne wurin kai ƙara.