Rumbun Takardun Ƙungiya: Kowa da Mabuɗinsa

Yau zancenmu a kan kwamfutar nan ce ta ofishin ƙungiyar fatake ko ta dillalan dabbobi, wadda ake zuba takardun kwastan, rasidai, shaidar allurar rigakafin shanu da lissafin bashi a cikinta, sauran kwamfutocin ofis kuma su riƙa ɗiba daga can. Masu sana'ar suna ce mata saba. Mu sai mu ce rumbu.

Abin da aka saba yi shi ne kalmar sirri guda ɗaya tak. Sakatare ya san ta, ma'aji ya san ta, har yaron da ake aika sayen shayi. To, ranar da aka wayi gari bashin shanu goma ya ɓace daga lissafi, wa za a kama? Ita kwamfuta suna ɗaya ta ga ya shiga.

Don haka ku ce wa mai haɗa muku na'ura ya buɗe wa kowane ma'aikaci sunansa da kalmarsa. In da manhajar Samba yake aiki, wadda ke haɗa Linux da Windows, umarnin smbpasswd ke yin wannan, ba ya cin minti biyu. Sannan a raba iko: ma'aji kaɗai ke rubutu a lissafin kuɗi, sauran karatu kawai. Ƙofar baƙo, wadda ake shiga ba suna ba kalma, a toshe ta. Kalmar kuma kada ta zama lambar waya ko ta mota, wannan duk 'yan tasha sun haddace. A jera kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna.

Akwai tsohon tsarin musayar fayil mai suna SMB1, a kashe shi. Ta nan cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle takardun kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, masu ita suna neman kuɗin fansa. Ƙofa mai lamba 445 kuma kada a bar ta buɗe ga intanet. Wanda ke Maraɗi ko Jibiya yana son takarda daga ofis, a haɗa masa VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kulle.

In ma'aikaci ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a rufe sunansa a ranar, kafin a tashi daga ofis.