Kafin Mu Ce Inbata Ta Mutu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu wannan dama. An nemi mu yi magana a kan wata matsala da ta yawaita a garin nan, wato a ga rana tana dukan farantan sola a kan rufi, inbata kuma tana kunne, amma batir ba ya ɗaukar caji.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, janareto ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Ku mazauna birni kun yi abin a yaba, kun saka wa iyaye sola, wasunku sun haɗa kuɗi sun saka a masallaci da ɗakin shan magani. Sai dai kuna can, kayan suna nan. Ran da aka bugo waya aka ce inbata ta mutu, ko dai a turo kuɗi a sayi sabuwa, ko a bar kayan suna shan ƙura. Duka biyun asara ne. A ɗakin shan magani abin ya wuce asarar kuɗi, domin alluran rigakafin yara suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in firiji ya tsaya sun lalace.

Wutar tana tasowa daga farantai, ta bi waya, ta ratsa fiyus da bireka, ta shiga sashen caji da ke cikin inbata, sannan ta isa batir. Ko a ina ta katse a wannan hanya, fuskar inbata abu guda za ta nuna: babu wuta daga rana. Saboda haka sau da yawa ana ɗora mata laifin da ba nata ba. A kwalejin horon malamai an koya mana mu fara daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma haka ya kamata a bi wannan bincike.

Da farko a duba da tsakar rana ko batir ya cika. Idan ya cika kuma ba a kunna komai a gida ba, inbata da kanta take rage abin da take ja daga farantai. A kunna fanka da firiji, in lambar ta tashi, to lafiya lau take. A kuma duba saitinta, domin yaro yana iya danna maɓalli ya sauya inda aka umarce ta ta ɗauko caji.

Na biyu, a ɗaga kai a dubi rufi. Ƙurar hunturu, kashin tsuntsaye da inuwar darbejiyar da ta yi tsawo bayan an kafa farantai duk suna rage wuta, kuma inuwa a kan faranti ɗaya tana ja wa sauran da ke jere da shi. A wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗauki zafi.

Na uku, a bi waya. Bireka tana faɗuwa, fiyus yana ƙonewa, musamman bayan tsawar damina. Ɓera yana cin waya a cikin silin, ruwan sama yana shiga mahaɗin waya ya sa tsatsa, kusar da ba a ɗaure sosai ba tana zafi har ta narke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan an taɓa haɗin kwanan nan, a tabbata ba a juya jar waya da baƙa ba.

Na huɗu shi ne awo, kuma aikin mai sani ne. A jikin kowace inbata akwai takarda da ke faɗin ƙarfin wutar da take karɓa. Wasu iyakarsu bolt 145, wasu suna kaiwa 450 ko 500, amma irin waɗannan ba sa fara aiki sosai sai wutar ta kai wajen 120. Faranti mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa aiki ba, da wajen 41 in yana aiki. Idan aka jera uku a layi ɗaya, 150 ke nan, sun wuce iyakar inbata ta farko, sai ta rufe ƙofa ko sashen cajinta ya ƙone. Waɗannan ukun dai a kan inbata ta biyu 123 za su bayar, da ƙyar suka haye. Zafi yana rage ƙarfin faranti da kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri sama da 25, sanyi kuma yana ƙara shi. Don haka a bazarar Maris da Afrilu sai su faɗo ƙasa da 120, caji ya tsaya ana tsakiyar rana. Muna jan hankalin masu turo ƙarin farantai daga birni: a tambayi abin da takardar ta ce kafin a saya.

Na biyar, a auna batir. Mai ruwa na bolt 12 yana nuna kusan 12.7 in ya cika, in ya sauka 10.5 ya ƙare. Guda ɗaya da ya mutu cikin huɗu yana ɓata cajin sauran. Na litiyom kuwa yana da mai gadi a cikinsa da ke yanke hanya idan an tsotse shi fiye da kima, har sai mai gyara ya farfaɗo da shi.

In an bi duk wannan, a kashe komai na mintoci kaɗan, a fara kunna batir, sannan farantai. Idan mita ta nuna wuta daidai tana isa bakin inbata, amma fuskarta na nuna sifiri, a nan ne za mu ce sashen cajin ya lalace. Ko a nan ma ana iya gyara shi, ko a sa kontirola ta waje, inbata ta ci gaba da ba gida wuta.

Gargaɗi ga mutanen gida: muddin akwai rana, akwai wuta a wayar farantai, ko da an kashe inbata, kuma bolt 400 yana kisa. Kada a zare mahaɗi kafin a kashe bireka, kada a bar yaro ya buɗe murfin inbata.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce ta ɗauki nauyin matasa biyu su koyi wannan sana'a, a saya musu mitar awo, su zauna a gida. Kowane gida kuma ya ajiye littafi da aka rubuta yawan farantai, yadda aka jera su, da ranar da aka sa batir. Ku kuma, idan an bugo muku, ku nemi hoton fuskar inbata da na takardar jikinta ta WhatsApp kafin ku taɓa aljihu. Kuɗin inbata ɗaya da aka canza ba gaira ba dalili ya isa ya biya wa marayu da dama kuɗin jarrabawa.