HAYAƘIN INJIN KURAN

Yau hirarmu a kan hayaƙin injin kuran take, injin nan da ake kira gurup, wanda ake tayarwa in wuta ta ɗauke.

Kun tuna da watan Agusta na shekarar 2023. Lokacin ne Nijeriya ta yanke kuran da take aiko muna, ba a maido shi ba sai watan Maris na 2024. Kafin nan, wajen kashi 70 cikin ɗari na kuran ƙasarmu daga can yake zuwa. Yamai, Maradi, Damagaram, ko'ina an sha duhu. Tela, mai walda, mai sayar da ƙanƙara, kowa ya nemi inji. Asibiti ma da shi take tsare magani cikin sanyi. Inji yana da amfani, ba mai musu. Amma abin da ke fita bututunsa, mu ne ke shaƙarsa.

Ku shafa hannu ga bangon da ke bayan injin gazuwal. Hannunku zai yi baƙi. Wannan kunkunniya ce. Wadda kuka gani ga bango, manya ce. Akwai ƙanana da ido ba ya gani. Sai a jera kamar guda 30 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Hanci ba ya iya tare su. Suna wucewa har cikin huhu, wasu ma su shiga jini. Su ne ke kawo tari da ƙaiƙayin maƙogwaro, suna tayar da ciwon fuka, suna wahal da mai ciwon zuciya. Yara da tsofaffi da mata masu ciki sun fi jin jiki. Ku lura da goyo: uwa tana suya kusa da inji tun safe, ɗan da ke bayanta shi ma yana shaƙa, alhali huhunsa bai gama ƙwari ba.

A shekarar 2012, masana na hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, sun taru a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Sun duba binciken da aka yi kan ma'aikatan haƙar ma'adinai na Amurka masu aiki da injin gazuwal ƙarƙashin ƙasa. Suka tabbatar hayaƙin gazuwal yana kawo ciwon dajin huhu. Ba rana ɗaya yake kawo shi ba, shekaru yake ɗauka. Shi ya sa mutane ke raina shi.

To, akwai mai kisa dare ɗaya. Wata iska ce mai guba da ke cikin hayaƙin, masana na ce mata monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini, sai ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Ƙaramin inji mai aiki da esansi ya fi na gazuwal fitar da ita, amma kowane na fitarwa. Mutum ya ji tsoron ɓarawo ko ruwan sama, ya shigar da inji zaure ko cikin shago, ya rufe ƙofa, ya kwanta. Mai barci ba ya jin komi. Sau da yawa ba ya farkawa.

Ga alamar da za ku riƙe. In mutanen ɗaki duka suka kama ciwon kai lokaci guda, da jiri, da tashin zuciya, amma ba zazzaɓi, kuma inji na aiki kusa, kada ku ce masassara ce, kada ku ce iskoki ne. Ku fitar da kowa waje, ku kashe inji, ku buɗe ƙofa da taga. Ku kai su likita nan da nan, ko da sun ce sun ji sauƙi.

Wurin inji waje ne, inda iska ke kaɗawa. A bar aƙalla metir 6 tsakaninsa da ƙofa ko taga, wato kamar taki takwas na babban mutum. In ana tsoron sata, a yi masa keji na ƙarfe da rumfa. Kada a juya bututun wajen tagar maƙwabci. Shi ma yana da ƴaƴa.

Sai kuma launin hayaƙi, don yana faɗin ciwon inji. Baƙi, gazuwal ba ya ƙonewa sosai: ko an yi wa inji lodi fiye da ƙarfinsa, ko matatar iska ta toshe. Lokacin hunturu ƙura na toshe ta da sauri, sai a riƙa duba ta. Shuɗi, man inji ne ke ƙonewa, a kira makaniki. Kuɗinku ne ke tashi sama cikin hayaƙin nan. Ku samu ɗan littafi, ku rubuta ranar da aka canza mai da awowin da inji ya yi. Tsohon man kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya.