Jawabi Ga Ɗaliban Adana Kayan Tarihi Ranar Yaye Su

Mai girma shugaban taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, ina yi muku barka.

Labari ɗaya na zo muku da shi, daga birnin Firag na ƙasar Cek. A 1906 Yahudawan birnin suka kafa gidan tarihi don tsare kayan tsofaffin majami'unsu da aka rushe. A 1942, lokacin da 'yan Nazi ke kwashe Yahudawan Bohemiya da Morabiya zuwa sansanonin kisa, sai aka riƙa turo kayan ibadar garuruwa fiye da ɗari zuwa wannan gida: naɗaɗɗun littattafan Attaura, labulaye masu ado, fitilun azurfa, da 'yar sandar nan mai siffar hannu da mai karatu ke bin layi da ita don kada yatsa ya taɓa rubutu mai tsarki.

Ma'aikatan gidan Yahudawa ne, kuma suna ganin ana kwashe 'yan'uwansu kullum. Duk da haka suka duƙufa, kowane abu suka ba shi lamba, suka rubuta garin da ya fito. Yawancinsu ba su tsira ba. Amma abin da suka rubuta ya tsira, kuma duk lokacin da na tuna da hakan sai jikina ya yi sanyi.

A 1964 aka kai Attaura 1,564 daga cikin kayan nan majami'ar Westminster da ke Landan, bayan sun daɗe a wata tsohuwar majami'a mai danshi. A fata aka rubuta su da hannu, aka ɗinke da jijiya. Wasu sun ƙone, wasu ruwa ya ci. Wani gwanin rubutu mai suna David Brand ya shafe kusan shekara talatin yana gyara su, harafi bayan harafi. Yau an ba da aron fiye da dubu ɗaya ga al'ummomi a faɗin duniya, kuma saboda lambobin nan, masu karɓa da yawa sun san garin da tasu ta fito.

'Ya'yana, gobe za a damƙa muku kayan da wasu suka yi ibada da su, ko da addininku ba ɗaya ba ne. Ku wanke hannu kafin ku taɓa. Ku tambayi masu abin yadda suke so a nuna shi. Kuma don Allah, kafin ku sa shi a gilashi, ku rubuta inda ya fito da sunan mutanen da suka riƙe shi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya mai da kowa gida lafiya.